Bauna Mai Karyayyen Ƙaho

A Likoro, idan masara ta nuna, ba sai an kira mu ba. Da an idar da sallar isha'i, Iya Hansai, kakata ta wajen uba, za ta hura wuta a ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta, kowa da masarar da zai gasa. Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma akwai guda ɗaya da ba a yin mako ba ta dawo ba. Ita wannan ba a buɗe ta yadda ake buɗe sauran. Iya sai ta tura itace cikin wuta da ƙafa, ta ce, "Ku yi shiru, ga bauna can ta fito shan ruwa." Mu kuma mu ce, "Ta fito mu gan ta."

Wai wani maharbi ne ya harbi bauna a daji, kibiya ba ta shiga inda ya kamata ba. Bauna ta yi kamar ta gudu, ashe zagayawa ta yi ta laɓe cikin ciyawa, tana jiran sa a kan sawunta. Da yamma abokan farautarsa suka kawo wa matarsa baka da kwari da rigar da ba ta wankuwa, suka ce mai karyayyen ƙahon hagu ce ta yi aikin. Matar ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Tana fita takaba ta sauko da bakan, ta riƙa harbin kututturen kuka a bayan gida har yatsunta suka yi kanta. Ta dafa dafi da hannunta, ta shafa wa kibiya bakwai. Damina uku tana bin sawu kafin ta tarar da baunar a bakin rafi.

A nan muryar Iya ke sauyawa, ta manta masara na ƙonewa. "Ta durƙusa a bayan suri. Iska daga wajen baunar take busowa, ba ta ji warinta ba. Ta ɗana kibiya, ta ja, ta ja, har tsarkiya ta taɓa kunne. Sai na sake ta!"

Mu fashe da dariya. "Iya, ke ce ko ita?"

"Ita ce mana, ja'irai. Bakina ne ya zame."

Kullum a wannan wurin bakin yake zamewa, har muka riƙa jiran sa. Daga nan bauna ta faɗi, matar ta sare ƙahon, naman kuwa ta bar wa ungulu. Na taɓa tambayar ta ko matar ba ta san lada ake samu a yafiya ba. Ta harare ni ta ce, "Wanda ya yafe Allah Ya ba shi ladansa. Ita dai ba ta yafe ba."

Yau ina Makarfi, ina da gidan kallon ƙwallo, na ajiye na'urar gem saboda samari, sai ga shi ni ta kama. Akwai wani wasan kaboyi a ciki, ƙasa ce shimfiɗe, ka hau doki ka nufi duk inda ka ga dama. Ni bindigoginsu ba su dame ni ba, baka nake ɗauka. Sai ka sunkuya, ka bi sawu a hankali, ka nemi wuya ko kai don kada ka ɓata fata. Ina da baƙin doki da na sa wa suna Akawal, wata uku muna tare. Rannan na harbi irin baunarsu mai tozo da gashi, na kuskure, ta juyo ta tattake Akawal a gabana. A wasan nan kuwa doki idan ya mutu ya mutu.

Wallahi na ji zafi, ba zan ɓoye ba. Na haɗa kibiyoyi masu dafi, na bi garken nan ɗaya bayan ɗaya, ban feɗe ko guda ba. Na kashe na'ura ina jin sanyi a ƙirji. Washegari na koma wurin don in ga gawarwaki, sai na tarar da su tsaye suna kiwo, babu wadda ta ɓace. Na sake kashe su. Mako guda ina wannan aiki, har matata ta ce, "Baban Hansai, da girmanka kake gaba da saniyar talabijin?"

A wani suna a Kudan na ba Baffa Ilu labarin, shi ne babban ɗan Iya da ya rage. Ina dariya na ce ai jinin mai tatsuniyar bauna ne ke yawo a jikina. Shi bai yi dariya ba.

"Kai har yau tatsuniya ka ɗauke ta? Maharbin nan ubanmu ne. Ina ɗan shekara shida aka kawo rigar."

Mu dai abin da aka faɗa mana shi ne kakanmu ya rasu a daji. Na ce, "Baffa, ke nan da gaske Iya ta kashe ta?"

"Wa zai bar ta? Ta ɗauki bakan har ta kai bakin gari, dattawa suka mayar da ita, suka karɓe kibiyoyin. Baunar kuwa ba a sake ganin ta ba. Wataƙila tsufa ne ya kashe ta a inuwa."

Duk hanyar komawa Makarfi ina jin haushi, na baunar da ta mutu a kwance lafiya, da na dattawan da suka tare hanya, ko da yake na san ranta suka ceto. Ashe bakin Iya bai taɓa zamewa ba. Kashe baunar take yi a gabanmu, gari ya waye ta tarar da ita tsaye, ta sake hura wuta. Mu kuwa muna ta dariya da masara a baki.

Da na isa na kunna na'urar. Garken na nan a bakin rafi. Na zaɓi babbar cikinsu, na sunkuya, na ja har tsarkiya ta kai ƙarshe, na ce, "Iya, ke ce." Sai na sake ta.