Shingen Da Ba A Ɗaga Wa Manjo Ba

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan jiya, da hantsi, Allah ya karɓi ran ƙanena, wanda kowa ke kira Manjo, har mahaifiyarmu. Ya cika a bayan motar soja, a bakin gadar da ta raba ƙasarmu da ta maƙwabtanmu, aminanmu kamar yadda rediyo ke faɗa. Ina gareji ina duba wata mota da ta ƙi tashi aka kira ni.

Manjo, ni ban iya rubutu irin naku ba. Daga aji uku na sakandare na ajiye littafi na bi mota, na zama direba, na zama mai motoci, ba wanda ya ɗaga ni sai Allah, kuma ban taɓa jin kunyar haka a gaban kowa ba. Amma ba motocin ne abin alfaharina ba, kai ne. Ranar da aka ɗaura maka anini na farko na rufe garejin, na kwashi direbobina muka je, muka cika layin gaba da warin man juye. Ba ka ji kunyarmu ba. Ka kama hannuna ka kai ni gaban kwamandanku ka ce, "Ranka ya daɗe, ga wanda ya fara koya mini fareti, da bel ɗin injin."

Ba ka taɓa zuwa hutu ka wuce gida kai tsaye ba. Sai ka fara zagaya gidajen sojojinka da suka rasu, ka ga wace ce rufinta ke yoyo, wane yaro ne ya daina zuwa makaranta. Da rijiyar sansaninku ta ƙafe, ka ari tankata ta ruwa. Da ta dawo direban ya ce mini har sojojin tsallake ka shayar. Na yi maka faɗa, ka yi dariya ka ce, "Yaya, haƙuri za ka yi, motarka ta shiga soja ba ta sani ba." Mahaifiyarmu kuwa ka gaya mata aikin ofis kake yi, don ta riƙa samun barci. Har yanzu tambayata take yi, yaya aka yi harsashi ya sami mutum a ofis.

Ba ƙarya ka yi mata gaba ɗaya ba. Kana cikin kwamitin tsaro na ƙasashen biyu, wanda ke zama kan yadda sojojinmu da nasu za su yaƙi 'yan bindigar da ke tsallaka kogi su kashe a nan su kwana a can. Kai ne mafi ƙanƙanta a teburin, kuma kai kaɗai ne kake tashi daga taro ka koma daji. In ka dawo sai ka zauna a kan tsohuwar taya a garejina ka ba ni labari: an cinye safiya ana gardamar tutar wa za ta tsaya a dama, an cinye yamma kan wa zai fara shiga ɗaki. Muna dariya a lokacin.

Abu ɗaya ka sa a gaba. Asibitinmu yana da nisa, hanyarsa duk ramuka. Nasu kuwa daga kan gada ana hango tankin ruwansa. Amma doka ta ce soja da kaki, cikin motar soja, ba ya taka ƙasar wani sai da izini daga manyan biranen biyu. Ka roƙi a sa sharaɗi guda: wanda aka harba, a ɗaga masa shinge ya wuce asibiti mafi kusa, a yi maganar izini daga baya. Kowa ya yarda. Aka sa ranar sa hannu, aka share ɗaki, aka jera kujeru. Ministanmu ya iso ya tarar sun turo mataimakin minista, domin nasu yana jinya. Aka ce a ƙa'idar irin wannan zama minista ba ya sa hannu kusa da mataimaki, sai tsara da tsara. Aka ɗauki hoto ana murmushi, aka ce tattaunawa ta yi armashi, kowa ya hau jirginsa.

Ni na yi ciniki da mutane iri-iri. In mai kaya ba shi da lafiya ya turo ƙanensa, da ƙanen nake gamawa, mota ta tashi. Ban san cewa a can sama ran mutum yana jiran tsayin kujera ba.

Bayan wannan zama ne aka yi muku kwanton ɓauna kuna dawowa daga sintirin haɗin gwiwa. Sojojinka suka kawo ka gada kana numfashi, kana magana. Sajan na tsallake ya san ka, ya sha ruwan da ka kai musu, amma ba a ba shi ikon ɗaga ƙarfen shingen ba. Ya buga wa na sama da shi waya, shi ma ya buga sama. Kana kwance masu kekuna suna wucewa, mai akuya ya wuce da akuyarsa. Direbanka ya ce zai bi ta kan shingen da mota. Shi da bakinsa ya gaya mini amsar da ka ba shi: "Kar ka kuskura. In ka karya wannan ƙarfen, ka karya zaman gaba ɗaya. Mu jira."

Suka jira. Izini ya zo bayan an rufe maka fuska.

A nan ina fushi da kai, Manjo, ba zan ɓoye ba. Ka kare musu teburinsu da jininka, su kuwa ba su iya matsa kujera ɗaya saboda kai ba.

Takwaranka na tsallake, wanda kake kira Dogo, ya zo mana gaisuwa cikin farin kaya, domin da kaki shi ma ba zai iya tsallakowa ba. Ya zauna a tsakar gida ya kasa haɗa ido da ni. Na tambaye shi yaushe za a sa hannun. Ya ce, "Yaya, an sa rana. Amma sharaɗin Manjo an ɗage shi zuwa zama na gaba. Wai tunda abin ya faru, sai an kafa kwamiti ya duba." Daga nan ya rage murya ya ce motar farar hula dai ba mai tsayar da ita, muddin wanda ke ciki ba kaki a jikinsa.

An aiko mini in je wajen bikin sa hannun in karɓi lambar girmamawa a madadinka. Na ce su riƙe abinsu har ranar da sharaɗin ya shiga. Abin da na iya na yi: na cire kujerun bas ɗaya, na shimfiɗa katifa, na sa riguna a ciki, na ajiye ta a bakin gada da direba. Duk sojan da aka harba, a tuɓe masa kakin da ya yi rantsuwa a cikinsa, ya tsallaka a matsayin fasinjana. Abin kunya ne, amma ba ni ne zan ji kunyar ba.

Allah ya jiƙanka, ƙanena. Allah ya karɓi shahadarka, ya yalwata kabarinka, ya buɗe maka ƙofar rahamarsa ba tare da jira ba. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarmu, da matarka, da 'ya'yanka waɗanda yanzu nawa ne, da sojojinka da suka tsaya a kanka har ƙarshe. Allah ya ba mu haƙuri. Waɗanda suka tashi daga teburin nan ba su sa hannu ba kuwa, mahaifiyarmu ta ce in yafe musu. Na ce mata ina ƙoƙari. Har yau ban iya ba.