Rigar Sallar Yaya Sale

Bana shekara arba'in da biyar ke nan da rasuwar yayana Sale. Duk shekara idan ranar ta zagayo nakan zauna in jira hawaye, ba sa zuwa. Abin da ke zuwa kawai shi ne farar rigar da ya sa wata Laraba a Bukuru, a shekarar da soja ke shirin miƙa mulki ga farar hula karo na farko.

Da aikin kuza ya ja baya, Yaya ya koma noman lambu a bakin wani tsohon ramin kuza da ruwa ya cika. Da garwa biyu yake ban ruwa, ya sauka ya hau, tun safe har rana ta take. Sai aka ce wata ƙungiyar agaji daga ƙasar waje ta kawo injinan ban ruwa, za a ba mafi talauci cikin masu lambu. Ni lokacin ina koyarwa a firamare, aka ɗauke ni tafinta.

Yaya ya ji baƙi za su zo gidansa. Ya share ƙofa, ya aro kujeru a maƙwabta, ya sa aka yanka kazar da ta rage, ya ɗauko rigar Salla. Baturiyar da ke riƙe da takarda ta tambaya ko iyalinsa na kwana da yunwa. Ya dube ni ya ce, "Ɗanladi, gaya mata alhamdu lillahi, muna cikin rufin asiri." Na gaya mata yadda ya faɗa, har ina jin daɗin Turancina. Ta dubi rigar, ta dubi naman kazar, ta yi rubutu.

Maƙwabcinsa na lambu, mai motocin haya biyu, ya tarbe su da yagaggiyar singileti a bukkar mai gadinsa. Shi ya sami inji. Na san komai, na yi shiru, wai kada in tona asirin Yaya gaban baƙi.

Injin kuwa ya yi aikinsa a ramin da suke ɗibar ruwa tare. Kafin rani ya raba, ruwan ramin ya ja ƙasa, kullum sai Yaya ya ƙara sauka. Wata safiya gaɓar ta zabtare da shi da garwarsa. Sai la'asar aka fito da shi.

Ban taɓa jin haushin Baturiyar ba, alheri ta zo yi. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba a ce zai nuna wa baƙo ba. Har yau fararen motocin agaji na shigowa Jos, mutane kuma sun koyi darasi. Na san gidaje a Dutse Uku da ake ajiye tsumma musamman don ranar zuwansu. Da Yaya zai gani, ina jin kai kawai zai girgiza, ya tambaya ko an ba baƙin ruwa.

Lambun ya daɗe da zama filin wani. Rigar tana akwatina. Bara wasu suka zo rubuta sunayen tsofaffin da ba su da ƙarfi, a ranar kuwa ko garin tuwo babu a gidana. Na share ƙofa, na aro kujeru. Matar da ke tambaya Bahaushiya ce, ba a nemi tafinta ba. Ta ce, "Baba, yaya gida?" Na ce alhamdu lillahi. Ta yi rubutu.