Ranar da Malam Garba Ya Yi Tsere da Mai Ƙafa Huɗu

Duk tsufan da ya kama ni, ban manta da safiyar Asabar ɗin da muka fito da babur mai ƙafa huɗu kan kwalta don ya yi tsere ba. A farkon shekarun casa'in ne, lokacin ina bakanike a garejin wani shirin bunƙasa noma mai ofis a Karaye. Mu huɗu ne a garejin, ni ne na biyu a muƙami, kuma duk ƙananan injina a hannuna suke, daga babura har injinan ban ruwa.

Babur ɗin wani Bature mai ba da shawara ne ya zo da shi, da wa'adinsa ya cika ya bar wa ofis. Ku da ba ku gan shi ba, ku ɗauka babur ne aka sa masa tayoyi huɗu masu faɗi da ƙuraje irin na tarakta. Ofis ya damƙa shi ga Malam Garba, malamin gona mai zagaya ƙauyuka daga wajen Yammedi har Falgore. Shan inna ya taɓa wa Malam Garba ƙafar hagu tun yana ƙarami, ba ya iya tokare babur mai ƙafa biyu. Wannan mai ƙafa huɗun shi ne ƙafarsa, da shi yake shiga gonakin gyaɗa da fadamu rani da damina.

Ƙa'idar aiki ita ce duk shekara a kafa kwamiti ya duba kayan ofis. Abin da ya gaji a rubuta shi a takarda, manaja ya sa hannu, a yi gwanjonsa. Shekarar nan an kawo mana sabon manaja. Ya hau babur ɗin sau ɗaya a harabar ofis, abin ya yi tsalle da shi har hularsa ta faɗi, ya sauko yana huci ya ce a rubuta shi. In aka sayar kuwa, zaunar da Malam Garba za a yi a ofis yana buga hatimi, kuma ya riga ya faɗa mini gara ya ajiye aikin.

Ni kuwa Allah Ya yi ni da baki. Ranar da kwamiti ya shigo gareji tare da manaja na ce masa, "Yallaɓai, wannan babur da kake gani, ko na Ɗanladi ba zai kamo shi ba."

Ɗanladi shi ne masinjan ofis, magidanci mai 'ya'ya biyar, amma yana goge babur ɗinsa fiye da yadda yake wanke fuskarsa, kuma duk Karaye an san gudunsa. Manaja ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "To Habu, mun ji. Ranar Asabar, a sabuwar kwaltar hanyar Rogo, daga kwalbati zuwa kwalbati. In ya riga na Ɗanladi na soke shi daga takarda. In bai riga ba, kai za ka tura shi wurin gwanjo da hannunka."

Sai da suka fita na gane girman abin da bakina ya jawo. Kwana uku gare ni, kuma abin da aka ƙera don taɓo da yashi ne zan mayar na gudu a kwalta.

Na fara da rage masa nauyi. Na kwance kariyar ɗora kaya ta gaba da ta baya, na sauke akwatin kayan aiki na jefa a lungu. Na wanke kafireta, na sa sabon fulogi, na buɗe salansa na kankare baƙin da ya toshe ta. Tunda tazarar gajera ce, wanda ya fara fizga shi ke da nasara, don haka na sa masa babban faranti a baya, wato wanda sarƙa ke ja, domin ya tashi da ƙarfi. Na ɗaure shakazoban gaba da bel na danne su, kada goshinsa ya ɗaga sama in an murɗa totur. Sannan na zauna da wuƙa na shafe ƙurajen wasu tsofaffin tayoyinsa, saboda a kwalta ƙuraje ba sa kama komai.

Saura iska. Na kai tayoyin wurin Baba Ilu mai faci, wanda ya girmi kowa a sana'ar. A wurinmu taya mai lafiya ita ce wadda za ka danna da babban yatsa bai shiga ba, ka ƙwanƙwasa ta amsa kamar tulu. Baba Ilu ya ce, "Tsere ka ce, ɗana? To a ƙara mata." Ya yi ta bugawa har sai da gumi ya jiƙa masa riga, ni kuma ina tsaye ina sa masa albarka.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka je gwaji. Na murɗa totur, tayoyin baya suka yi ta juyi a wuri ɗaya suna ƙauri, sannan abin ya zabura yana tsalle kamar bunsuru, ya bar kwalta ya kai ni tsakiyar gonar wani bawan Allah. Ɗanladi ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ni dai na fito ina kakkaɓe riga, raina a ɓace, kunya kamar ta kashe ni.

Malam Garba bai yi dariya ba. Yana zaune a kan kwalbati ya ce, "Habu, ka tuna Baturen nan? Kullum tayoyinsa a kwance suke, muna yi masa dariya muna cewa bai san hanyar mai faci ba."

Na durƙusa na dubi tayar. Ta kumbura ta zama kamar ƙwarya, abin da ke taɓa kwalta bai fi faɗin yatsu uku ba. Na koma gareji na zazzage akwatin da na jefar, na tarar da wani ɗan gejin auna iska da ban taɓa kula shi ba, da takarda mai nuna cewa iskar da tayar ke so ba ta kai ko rubu'in ta babur mai ƙafa biyu ba. Tun ranar da Baturen ya tafi ni ne na cika su tam, wai ina gyara masa sakaci. Ashe shekara biyu Malam Garba yana fama da ciwon baya saboda ni, kuma hular manaja ma ni na kayar da ita.

Na sace iskar har tayoyin suka baje suka kwanta. Baba Ilu ya riƙe baki ya ce, "Ka kashe taya, Habu. Kar ka ce wa kowa ni na taɓa ta." Amma da na sake murɗawa, sai babur ya kama kwalta kamar an liƙa shi, ya tafi sak.

Asabar da hantsi ma'aikata suka cika wurin, har da manoman da suka ji labari. Ba a buɗe hanyar ga manyan motoci ba tukuna, muka tsayar da mutum a kowane ƙarshe. Malam Garba ya ce shi zai hau abinsa. Ya ɗaure babbar rigarsa a ƙugu, ya yi bisimilla. Direban manaja ya saki hankici.

Kai, tashin nan ya yi daɗi! Kafin Ɗanladi ya sa giya ta biyu Malam Garba ya ba shi tazara mai kyau, mutane suna ta ihu. Amma ni na san inda matsalar take. Babban faranti yana ba da tashi, yana kuma cinye gudun ƙarshe. Da suka wuce rabi sai Ɗanladi ya fara cinye tazarar, har tayarsa ta gaba ta zo daidai da ta bayan Malam Garba. Saura kamar taki ashirin, sai kunnena ya ji abin da kunnen bakanike kaɗai zai ji: kukan injin Ɗanladi ya ɗan sauka. Malam Garba ya tsallake kwalbati yana gaba.

Manaja ya ce, "Ɗanladi, yaya haka?"

Ɗanladi ya ce, "Yallaɓai, ai abin nan ba babur ba ne, aljani ne."

Manaja ya daɗe yana kallonsa, sannan ya zaro biro ya soke babur ɗin daga takardar gwanjo a gaban kowa. Malam Garba ya rungume ni yana hawaye yana dariya, ni ma ban san sa'ad da nawa suka zubo ba.

Ran Litinin Ɗanladi ya turo babur ɗinsa gareji, wai kafireta tana shaƙewa. Na buɗe na gan ta fes. Na ce, "Ɗanladi, ka ji tsoron Allah."

Ya waiga ya ga ba kowa, ya ce, "Kai dai wanke ta, Habu. Ni in na ci me zan kai gida? Shi in ya faɗi, ƙauye nawa ne za su daina ganinsa?"

Na wanke kafiretar da ba ta da datti, na ɗaura masa.

To ku matasa, daga ranar nan ban sake yanke wa inji hukunci da abin da hannuna ya saba ba, sai na nemi abin da shi yake so, ko da duk garin za su yi mini dariya. Na kuma gane cewa mu bakanikai muna iya shirya inji ya tashi, amma mutanen da kake aiki da su ne ke kai ka ƙarshen hanya. Malam Garba ya yi shekara shida yana zagaya ƙauyukansa a kan babur ɗin nan, kuma duk inda ya zauna sai ya ba da labarin yadda ya kayar da Ɗanladi. Sau da yawa Ɗanladi yana wurin, sai ya girgiza kai ya ce, "Wallahi Malam, ka yi gudu."