Giris ɗin da Ya Ci Yatsun Guduma

Guduma ba sunan yanka ba ne. Ya samo shi tun yana saurayi, ranar da ya kai wa wani mai awon kifi naushi ɗaya, mutumin ya farfaɗo yana tambayar wace shekara ake ciki. Abin mamaki, wannan ƙaton hannun mai kwantar da ƙarti shi ne ke kwance injin fatsa, ɗan injin nan da ke naɗe zare a gindin sandar kamun kifi, ya jera kusoshinsa ƙanana kamar ƙwayar shinkafa a kan farin ƙyalle, ko ɗaya ba ta ɓacewa.

Rumfarsa na bakin ruwa, manne da garejin yayansa, bakaniken manyan motoci. Langa-langa ce kawai ta raba su. A kan teburinsa akwai farin giris mai laushi wanda ruwa ba ya wankewa, na haƙoran inji. Akwai wani mai tsinkakke kamar hawaye, ɗigo guda ya ishi wurin juyawa. Shi kuwa birkin inji, wanda ke sakar wa kifi zare in ya ja da ƙarfi, nasa man daban ne, a shafa a goge kamar ana jin kunyarsa. Duk wanda ya kawo inji da baƙin giris a ciki, sai ya sha zagi kafin gyara. Guduma ya taɓa bin wani masunci da takalmi har cikin ruwa don ya zuba man girki.

Yayan kan leƙo yana dariya. "Giris ai giris ne, ƙane. Abin da ya riƙe tayar tirela zai kasa riƙe kayan wasan yara?"

"Yaya, don girman Allah ka tsaya a kan tirelarka."

Wata rana naƙuda ta kama matar Guduma, ya fita a guje ya bar injin wani masunci, Dogo, a buɗe a kan tebur, an wanke ba a shafa ba. Dogo ya zo yana ta kumfar baki. Yaya, don kada ƙanensa ya rasa mai kawo aiki, ya faki ido ya dumbuzo giris ɗin tirela da yatsu biyu, ya cusa har cikin birki, ya ɗaure. Ya miƙa ya ce, "Ya gama tun ɗazu, cewa ya yi in ba ka."

Washegari da hantsi Guduma na zaune a rumfarsa yana karɓar barka, sai ga Dogo da ƙannensa biyu. Leɓen Dogo a fashe, hannun hagu naɗe da tsumma jina-jina, na dama riƙe da filafilin tuƙa kwalekwale. Wani ƙaton kifi ne ya kama, birki ya cije ya ƙi sakin zare. Dogo ya cafki zaren da hannu, ya yanke shi har ƙashi, sandar ta karye ta dawo masa a baki.

Ya wurga injin a kan tebur. "Hannun da ya yi aikin nan, yau sai na karya shi. Wallahi ko na uban waye."

Guduma ya kwance murfin. Tun kafin ya gani hancinsa ya gaya masa. Ya dubi ɓular langa-langa, ya hango ƙafafun Yaya a ƙarƙashin mota, sun daina motsi. Mutumin da ya goya shi bayan rasuwar mahaifinsu, ga hawan jini, ga 'ya'ya cike da gida.

Guduma ya miƙe ya ce, "Ni ne. Da bakin naka kamar an taka tumatir, me za ka iya?"

Ƙaramin ƙanen ne ya fara kawo hannu. Guduma ya karɓe shi da goshi, hancin yaron mutane ya kwanta gefe guda. Na biyun ya sha gwiwar hannu a maƙogwaro, ya durƙusa yana kakarin amai. Tebur ya kife, gwangwanaye suka tarwatse, 'yan barka suka dare har da masu barin takalmi. Da ba don santsi ba da labarin ya canza. Ƙafar Guduma ta hau kan man da ya zube, ya zo ƙasa da baya, ƙeyarsa ta daki dutse. Su biyun suka haye shi, ɗaya ya danne wuya, ɗaya ya shimfiɗe masa hannun dama a kan dakali. Guduma ya gartsa wa na kusa cizo a cinya har sai da ya ji gishirin jini, amma ba su saki ba.

Dogo ya ɗaga filafili ya sauke. Ƙarar ta yi kamar an taka busasshen kara. Ya sake ɗagawa ya sake saukewa.

Sai a lokacin Yaya ya faso langa-langar da sifanar taya a hannu, yana ihu, "Ni ne! Ku bar shi, ni na sa!"

Guduma, baki cike da ƙasa, ya ce, "Yaya, rufe mana baki. An riga an biya."

Yatsun sun warke, amma kowanne ya kama gabansa. Suna iya riƙe kofi, ba sa iya tsinke kusa. Yanzu in la'asar ta yi, Yaya kan wanke hannu da kananzir ya zauna a teburin, Guduma na tsaye a kansa yana huci. Dogo ma nan yake kawo injinsa, tunda babu wani mai gyara a duk gaɓar. Sukan gaisa a daƙile, kowa na ɓoye nasa hannun.

"Yaya, ba wannan gwangwanin ba. Farin."

"Na gani."

"Rage. Rage dai. Inji za ka shafa, ba jariri ba."

Wata 'yar kusa ta kuɓuce daga yatsun Yaya ta faɗa cikin yashi. Guduma ya ɗaga hannun hagu, ya tuna wanda ke gabansa, ya sauke shi a kan nasa kan.

"Durƙusa ka nemo, ranka ya daɗe."