Muryar Baba ta Bi ta Muciya

Jiya a unguwar Kawukudi na ga wani bakanike ya kafa sukudireba a jikin injin trotro, motar haya, ya manna ƙotar a bayan kunnensa yana sauraro. Wallahi sai da na tsaya ina dariya ni kaɗai, don Baba Ƙarami ya faɗo mini a rai, ƙanen mahaifina, shi ma bakanike.

Ina 'yar shekara tara Baba mahaifina ya tafi Libiya neman aiki. Damina biyu babu labari, sai ga kaset ya aiko mana gidanmu na unguwar Nima. Zo ka ga murna! Matan gida suka bar tuwo a wuta, aka kewaye rikoda. Kakata kuwa, wadda ta haife shi, kunnenta ya daɗe da toshewa. Aka ƙure murya har maƙwabta suka leƙo, ita ko bakunanmu kawai take kallo.

"Shi ne kuwa? Ko kuna lallashina ne?" in ji ta. Tausayinta ya kama ni ƙwarai.

Baba Ƙarami ya zare muciya daga kwando, ya goge, ya dafa bakinta ɗaya a jikin rikoda. Ya nuna wa Kaka ta ciji ɗayan. Mu yara muka fashe da dariya, ya harare mu.

"Ƙara ai girgiza ce," ya ce mana. "Iska ke kai ta kunne, amma itace da ƙashi sun fi iska iya ɗaukarta. Ƙofar kunnen Mma ce ta toshe, can ciki lafiya lau. Ta haƙori za mu bi."

Ya danna rikoda. Idanun Kaka suka buɗe tar. Baba na cewa, "Mma, ina gaisuwa," ta buɗe baki za ta amsa, muciya ta faɗi, murya ta ɗauke. Sau uku ana haka, muna tsalle muna ihu. A na huɗu tsohuwar nan da ba ta taɓa ƙin amsa gaisuwa ba ta cije muciyar gam, ta yi shiru har kaset ya ƙare, hawaye na bin itacen.

Yanzu likitocin kunne na da 'yar na'urar da ke wannan aikin, saƙon murya kuma kullum cike da wayata. Baba bai dawo ba sai bayan rasuwarta. Da na ba shi labari, tambaya ɗaya ya yi mini: "Ta amsa?"

Na ce masa sau uku.