Don Chebo da Ƙusoshin Takalmin Nicanor

Matan da ke sayar da tamale, wato alalar masara, a bakin filin ƙwallonmu sun ce ba sa duba agogo, ƙarar keken Don Chebo suke jira. Direban motar ƙungiya ya ce bai taɓa ganin Don Chebo ya zauna ya kalli wasa ba, kullum kansa na cikin kwandon kaya. Matarsa Doña Amparo kuwa cewa take ƙungiyar ya aura, ita 'yar rakiya ce.

Eusebio Barrón, wanda muke kira Don Chebo, ya yi shekara talatin da takwas yana kula da kayan 'yan wasa. Ƙarfe shida yake buɗe ɗakin kaya, ya rataye jesi, ya shafa wa takalma kitse. Ranar wasa sai ya cire nasa takalmin ya taka fili daga raga zuwa raga, tafin ƙafarsa ya gaya masa ƙusar da zai ɗaura wa takalman: doguwa in ƙasa ta jiƙe, gajera in ta bushe. Ni ne mai yankan ciyawar filin, don haka a gabana yake yi.

Nicanor Olvera, ɗan wasan tsakiyar da ya fito da sunan garinmu, a hannunsa ya tashi. Ƙafarsu ɗaya. Duk sabon takalmin Nicanor, Don Chebo ke fara sawa kwana bakwai, ya je kasuwa da shi, ya je coci da shi, har fatar ta yi laushi. Mai aski ya taɓa tsokanarsa, "Don Chebo, yau kai za a sa a tsakiya?"

"In an sa ni, ka ga mai ba da ƙwallo da wuri," in ji shi.

Da aka kira Nicanor ƙungiyar ƙasa, da takalmin da tsohon ya tausasa ya tafi. Ya buga wa ƙasa wasa arba'in da ɗaya, ya yi shekara biyu a Sifen, ya dawo mana. Zamanin kenan da ake rufe shaguna ranar wasa, gidan da ke da talabijin ya fito da ita ƙofar gida.

Sai ranar wasan ƙarshe na cin kofi. An yi ruwa da asuba, rana ta fito da ƙarfi. Don Chebo ya taka fili, ya ɗaura dogayen ƙusoshi. Ina bakin ƙofa da bokitin farin fenti lokacin da Nicanor ya juya takalmin.

"Tsoho, cire min waɗannan. Gajeru nake so."

"Ɗana, sama ce kawai ta bushe. Ƙarƙashi da ruwa."

"Ni zan buga ko kai?"

Don Chebo ya canza. Saura minti bakwai a tashi, Nicanor ya juya zai tare ƙwallo, santsi ya kwashe shi, aka wuce aka ci mu. Kofin da garinmu bai taɓa ɗauka ba ya tafi. Da 'yan jarida suka tsare shi, ya ce mai kaya ne ya ɗaura masa ƙusar da ba ita ba.

Cikin sati aka mayar da Don Chebo ɗakin wanki na 'yan wasan ajiya. Shekara goma sha bakwai ya yi a can. In ya wuce a kasuwa sai ka ji an ce ga mai gajerun ƙusoshi. Bai musa ba ko sau ɗaya. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce min Nicanor na da wasan ƙasa a wata mai zuwa, in gari ya juya masa baya ba zai sake miƙewa ba. Ni ma da na ji da kunnena na yi shiru. Lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba, ina ganin ba wanda zai saurari mai yankan ciyawa. Wannan ba hujja ba ce.

Don Chebo, kai ne ka ɗauki laifin da ba naka ba ka wanke safa da shi. Kai ne ka ci gaba da taka fili kowace ranar wasa alhali ba mai tambayarka, ka raɗa wa wanda ya gaje ka abin da ƙafarka ta ji. Mun gode. Masu tasowa su koyi wannan aiki irin naka, mu kuma da muke gani mu koyi magana da wuri.

Ranar Lahadin da ta wuce aka yi walimar ritayarsa a tsakiyar filin, da naman akuya da makaɗan mariachi. Ana cikin ci Nicanor ya shigo, ba wanda ya gayyace shi. Furfura ta cika masa kai. Don Chebo ya dube shi sama da ƙasa ya ce masa ya yi ƙiba, ya matsa masa kujera. Nicanor bai zauna ba. Ya karɓi lasifika daga hannun mawaƙi.

"Dogaye ya ɗaura min. Ni na ce ya cire, ya gargaɗe ni, na ƙi. Na yi masa ƙarya a gaban duniya, na bar shi da ita shekara goma sha bakwai." Ya juyo. "Don Chebo, Baba, ka yafe min."