Ranar da Gwaggo Ta Kaɗa Ƙwarya

Yayana ma'aikacin gwamnati ne a ɓangaren al'adu. Wata shekara aka tura shi taro wata ƙaramar ƙasa da ke tsakiyar teku. Ya dawo bakinsa bai gajiya da labarin rajistar da mutanen can suka buɗe domin al'adunsu: raye-raye, girke-girke, saƙa, har yadda suke sassaƙa kwalekwale. Sharaɗinsu shi ne ba a shigar da abin da ya mutu, sai wanda har yanzu ake yi. Ya ce ofishinsu ma sun fara irin wannan aiki, kuma shi kiɗan ƙwarya yake son ya gabatar.

Bai sha wahalar nema ba, domin Gwaggo, yayar mahaifinmu, tana zaune da mu a Nassarawa GRA tun rasuwar mijinta. An ce a garinsu ba a suna ko biki ba tare da ita ba. Ni dai tun da na yi wayo ban taɓa ganin ta riƙe makaɗi ba. A unguwarmu ɗakin taro ake kamawa, a kunna kiɗa a na'ura.

Ya same ta a baranda bayan la'asar tana tsinkar zogale, ya durƙusa ya yi mata bayani. Sai da ya gama tsaf ta ce, "Ɗan nan, ba a kaɗa ƙwarya haka kawai. Wa aka haifa? Wa za a kai ɗaki?" Ya ce zai tara mata su zauna kamar ana biki. Ta ce wannan wasan yara ne, ita ta girme shi.

Maganar ta kwanta har na haifi 'yata ta fari, na dawo gida wanka. Ana saura kwanaki suna, Gwaggo da kanta ta sa aka kira yayana a waya, ta kuma aika Tudun Wada aka gaya wa wasu tsofaffin ƙawayenta biyu. Hajiyarmu ba ta so ba, tana gudun maƙwabta su ce an dame su, amma ba ta iya yi wa yayar mijinta musu.

Ranar suna da yamma aka cika baho da ruwa a bayan gida, aka kifa ƙwarya a ciki, Gwaggo da ƙawayenta suka kewaye ta da makaɗansu. Taron mata ne, don haka yayana ya tsaya a waje, ya miƙa wa matarsa kyamarar da ya zo da ita. Da farko baƙi na zaune a kujeru, kowa da waya a hannu. Da kiɗa ya yi zafi, maƙwabciyarmu likita ta tuɓe takalmi ta shiga fili, saura suka bi ta, har da Hajiya.

Can Gwaggo ta juya waƙar kaina. Ta ambaci yadda nake ƙin kunu ina ƙarama, da ranar da na ɓata a kasuwa, da kukan da na yi daren da za a kai ni makarantar kwana. Ban san tana riƙe da waɗannan ba. Ina rungume da jaririya hawaye suka zubo mini.

Ana cikin haka aka ɗauke wuta, aka tayar da janareta, ƙararsa ta lalata rabin abin da aka ɗauka. Da rabin da ya rage yayana ya tafi. Ofishinsu suka ce gida ɗaya bai isa shaida ba, sai ya kawo daga garuruwa da dama. Gwaggo ta faɗa masa matan da zai nema a Jigawa da Katsina. Wasu ya same su, wasu ya tarar sun rasu. Har yanzu yana bin maganar.

Sau ɗaya Gwaggo ta kalli hoton a talabijin. Ta ce ƙawarta ta hagu tana saurin hannu, tun suna 'yan mata haka take. Sannan ta ce a kashe, an kira magariba.